Makullin Tafkin Tarwaɗa

Ka ɗauki misalin wani dattijo da ya ajiye aikin gwamnati ya koma kiwon tarwaɗa a bayan gari. Gwiwa ta fara ba shi wahala, zuwa gona kullum ya zama aiki. Sai 'yarsa, wadda ta karanci kwamfuta, ta kawo wata 'yar na'ura da ba ta fi kwalin ashana ba, ta haɗa ta da famfon tafkin. Ta rubuta mata manhajar da za ta riƙa buɗe shafin intanet daga cikinta, yadda zai zuba ruwa ko ya zubar daga wayarsa yana zaune a gida. Cikin kwana biyu abu ya yi aiki, har da hoton kifayensa a saman shafin. Dattijo ya yi ta murna, amma ta hana shi amfani da shi. Ta ƙara mako uku tana saka makulli: duk maganar da waya za ta yi da na'urar sai an ɓoye ta, kuma na'urar ba za ta saurari wanda ba ta sani ba. Ƙwaƙwalwar abin ƙarama ce, dole ta cire hoton don makullin ya samu wuri. Ya yi fushi irin na uba, na yini guda. "Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "wa ya damu da famfon tsoho?" Ta ce, "Baba, mai gwada ƙofa ba ya tambayar ta wane ne."

Amininsa na gonar kusa ya sayo tasa na'urar a kasuwa, mai ado, ba makulli, yana ta yi masa tsiya. Wata Juma'a suna masallaci, wani da ba su taɓa sani ba ya lalubo na'urar aminin ta intanet, ya buɗe magudanar ruwa. Kafin su isa, kifi dubu biyu na kwance cikin laka, rana ta gama da su. 'Yar ta duba ta mahaifinta, ta ga an ƙwanƙwasa sau arba'in, makullin ya hana shiga, an koma. Dattijon ya ɗibar wa amininsa 'ya'yan kifi bokiti uku, sannan ya dubi 'yarsa a kunyace ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Gobe ki je ki kulle wa baffanki tasa."

Da ma Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.