Ugali Biyu na Kiptanui

A garin Iten, Jelagat ce mace ta farko da ta auna wa miji garin ugali, wato tuwon masara, da kofin shayi, a daminar da mijinta Kiptanui, gwanin tsere, ya karye a idon sawu. Mai horarwa ya yanke hukunci: muddin bai zubar da kilo ukun da kwanciya ta ɗora masa ba, ya rasa gurbinsa a sansanin horo.

Kiptanui ya ture kwano. "Wannan tuwo ne ko ƙwayar asibiti? Muguwa, so kike ki binne ni!"

"Ci ko ka bari, sarkin ciki. Ba gudu, ba ƙari."

Daga nan kullum sai ya dogara sanduna zuwa gidan Kogo, tsohuwar maƙwabciyarsu, ya ci na biyu a ɓoye yana zagin matarsa.

Ranar awo ya dawo yana taƙama. "Biyu nake ci, kuma na rame! Ina amfanin muguntarki?"

"Ɗaya kake ci, rabawa nake. Wa kake zaton yake kai wa Kogo kwano kowace safiya?"

Kilo uku ya zubar, ya riƙe gurbinsa. Jelagat kuwa ta riƙe kowane zagin da Kogo ta kwaso mata.