Kwana Bakwai a Gidan Manzo

Manzo ya duba haƙoranta, ya latsa hantsarta, ya zagaya ta sau biyu. Farar saniya ce, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, amma a farin 1984 wace dabba ce ba haka ba a kasuwar Kanan-Bakashe? Mai ita, Jaji, Bafulatani ne mara surutu. Cikin shanunsa arba'in ita kaɗai ta rage, ba shi kuma da ko damin harawa da zai ba ta.

Jaji bai ja ciniki ba. Abu guda ya nanata gaban dillali: in an ga aibi kafin kasuwa ta zagayo, a maido masa abarsa, ya maida kuɗi. Manzo ya yi murmushi. Shi da ko a cinikin allura ba a taɓa cutarsa ba, ga mai kaya da kansa yana tuna masa haƙƙinsa.

Ya biya, ya ja saniya gida. Abinci kuwa akwai. Sojoji sun bi rumbunan 'yan kasuwa suna neman ɓoyayyen hatsi, amma ba su gano ɗakin da Manzo ya jibge dussa da angurya ba. Kwana shida saniya tana ci kamar gara, wai don nono ya kawo. Nono ya kawo, tatsa ta gagara. Ta shuri matarsa Shatu, ta fasa ƙwarya biyu, ta kunyata gwanayen tatsa na unguwa.

Ranar kasuwa Manzo ya jawo ta, rai a ɓace, da shaidu biyu, yana rantsuwa in aka yi gardama sai gaban jandarma.

Ba a yi ba. Jaji ya sunkuyar da kai.

"Gaskiyarka, Alhaji. Ba a tilasta ma mutum kaya mai aibi."

Ya ciro kuɗin, ko ƙullinsu bai kwance ba. Manzo ya ƙirga, ya tafi yana ba 'yan kasuwa labarin Bafulatanin da ya so yi masa wayo.

Jaji ya shafa bayan saniyarsa, ya ji nama ya fara rufe ƙashi, daɗi ya kama shi har idonsa ya cika. Dillali ya matso, ya raɗa masa cewa wani Sa'idu a Bawdeta yana da harawa cike da rumfa, shi ma kuma ba ya yarda a cuce shi.

"To, can muka nufa," in ji Jaji. "Gida tara ke nan suka kiwata mini ita. Huɗu suka rage kafin ruwa ya sauka."