Tauraron Shaho

Jan fentin ya yi kauri, sai da Baba Sufana ya ɗiga masa kananzir ya gauraya da tsinke. Ya hau tsani a hankali, gwiwoyinsa na ƙara, har ya kai daidai ƙasan kujerar matuƙi, inda tsohon tauraron ya koɗe.

Shekararsa goma sha ɗaya da barin aiki aka aiko masa mota har gida. Za a yi wa tsohon jirgin yaƙin ritaya, a ɗora shi kan dakalin siminti a ƙofar sansani, kuma Janar ya ce makanikin da ya zana tauraron da fari shi zai sabunta shi. Baba Sufana ya ce hannunsa rawa yake yi. Aka ce ko rawar yake a zo da shi.

Jirage iri-iri sun bi ta hannun nan. Ya fara da masu farfela, ya ga zuwan masu injin wuta na farko, waɗanda ƙararsu ta cinye masa kunne ɗaya, ya ga masu lanƙwasasshen fiffike da suka biyo baya. Amma a duk tarihin rundunar sau ɗaya tak aka taɓa kaɓo jirgi a sama, kuma wannan ne ya yi aikin. Dalilin tauraron ke nan. Ko kurtun jiya ya haddace labarin.

Shekara talatin da huɗu da suka wuce, jirgi biyu suka tashi da hantsi sintirin bakin teku, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Shaho ne a ɗaya, wanda yau ake ce wa Janar. A ɗayan kuma Auta, ƙaramin matuƙi mai yawan barkwanci, wanda ya baro matarsa da ciki wata bakwai. Jirgin abokan gaba ya ɓullo daga gajimare ya harbo Auta, Shaho ya juyo ya rama masa nan take. Haka aka rubuta, haka ake karantarwa.

Sufana ne ya kafa wa Shaho tsani da ya sauka. Mutumin ya durƙusa a gindin taya ya yi ta kelaya amai, bai dubi idon kowa ba. Sufana ya buɗe hancin jirgin ya ciro fim ɗin kyamarar da ke ɗaukar hoto duk sanda aka danna kunamar bindiga. Aka wanke, ya ɗora a majigi, suka kalla shi da Kwamanda su biyu. Kwamanda ya sa fim ɗin a aljihu, ya ce wa Sufana ya je ya nemo jan fenti.

Mako bai zagayo ba aka yi wa mai kula da na'urar hango jirage canjin wurin aiki. Sufana kuma aka ƙara masa igiyar muƙami. Sojojin ruwa suka kwana uku suna lalube, suka tsamo tarkacen jirgi ɗaya. Ɗayan, aka ce, ya nutse inda ƙugiya ba ta kaiwa.

"Sannu da aiki, Baba."

Baba Sufana ya leƙo ƙasa daga kan tsani. Mace ce cikin kakin matuƙa, hula a hammata. Ba sai an gaya masa ba, goshin Auta ne da wushiryarsa.

"Ni ce 'yar Auta. Umma ta ce in na zo in neme ka in gaishe ka. Ta ce kai ka ɗaure masa bel ɗin kujera ran nan."

"Ni ne. Har ya ce in rage masa, wai tumbinsa na taya na uwargida girma."

Ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa. "An ce ka ga fim ɗin. Ni ban taɓa gani ba, wai ya ɓace. Baba, ka ga lokacin da Janar ya sami jirgin?"

Fenti ya ɗiga a kan takalminsa. "Na gani, 'yata."

"Ya ci wuta sosai?"

"Sosai."

Ta sauke ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi. Kullum na tashi sama sai na tuna akwai wanda bai bar jinin babana ya tafi a banza ba. Saboda shi na shiga aikin nan."

Baba Sufana ya buɗe baki. Daidai nan masu badujala suka ɗauka, ƙofar rumfar jirage ta cika da manya. Janar ya shigo yana dogara sanda, ƙirji cike da lambobi. Ta ruga ta ƙame masa, sannan ta rusuna kamar yadda 'ya ke yi wa uba. Ya dafa kanta. Ta saman kafaɗarta ya ɗago ido ya dubi tsohon da ke kan tsani, suka daɗe suna kallon juna.

"Bai ƙarasa ba, Sufana?"

"Saura kusurwa ɗaya, ranka ya daɗe."

Ya tsoma buroshi ya cike ta. Aka yi tafi, aka ɗau hoto, aka ce ya sauko ya tsaya daga gefe kada ya ɓata wa manya kaya.

Ya tsaya yana goge yatsunsa da tsumma, jan bai fita ba. Fim ɗin nan ko daƙiƙa biyar bai kai ba, amma babu ranar da bai sake kallonsa a ransa ba: gajimare, inuwar jirgi, harsasai na binta, wuta ta kama fiffike. Sannan jirgin ya wuntsila, wutsiyarsa ta fito tar a jikin bangon da majigi ya haska, ɗauke da lambar da Sufana ya rubuta wa jirgin Auta da hannunsa.