Alamar Matsi

Auta ce ta matse muryar Baba, da hannunta.

Aikinta ke nan a ofis. Kowane fayil a kwamfuta yana da ɗan bayani a goshinsa: sunansa, girmansa, ranar da aka yi shi. Ita ta ƙara layi guda mai cewa wannan matsattse ne, ga yadda aka ninke shi. In an taɓa fayil, na'ura ta duba alamar, ta warware shi a ɓoye. Mai saurare bai san an yi ba. Har yabo ta sha a kan haka.

Da kwamfutar gida ta cika, sai ta gwada dabarar a kan hirarrakin Baba da aka naɗa kafin ya rasu. Mama kan saurare su in kewa ta taso mata.

Sai aka sayi sabuwar kwamfuta. Auta ta kwashe komai, ta goge tsohuwar, ta bayar. Ashe abin kwashewar bai san layin da ta ƙara ba, ya zubar da shi a hanya. Ta kunna Baba, sai shuuu, kamar ana zuba tsakuwa a kwano.

Ta yi ta fama, abu ya ƙi. Ta shiga wasan ɓuya da mahaifiyarta: yau aiki ya yi yawa, gobe ba caji.

Mama kuwa ta sauya. In Auta ta yi sallama daga bayanta, ko waiwaye babu. In suna magana, sai ta kafe bakin Auta da ido, kamar mai jiran ƙarya ta fito. Ran nan a ƙofar gida mai kayan miya ya ce ya sallama, amma Mama ta ci gaba da ciniki.

“Ba zan ƙara ba, ɗan nan. Ni za ka yi wa wayo?”

Auta ta ce a ranta, Mama ta sani. Fushin ne take saukewa a kan mutane.

Da yamma Mama ta zauna a kujerar Baba, ta nuna kwamfutar.

“Kunna min mijina. Ko shi ma sai na yi ciniki?”

Auta ta tsaya a bayan kujera, ta danna. Shuuu ya cika ɗakin.

“Mama, ni na ɓata shi,” ta ce. “Babu sauran muryarsa. Ki yafe min.”

Mama ba ta juyo ba. Ta lumshe ido tana gyaɗa kai, murmushi ɗauke a bakinta.

“Ji shi,” ta ce. “Har yanzu da wannan dariyar tasa.”

Auta ta sunkuya dab da kunnenta ta kira ta da ƙarfi, ta sake kira. Sai a lokacin ta gane cewa tun kafin muryar Baba ta ɓata, kunnen Mama ya daina jin ta kowa.