Wushiryar Auta

"Wallahi ba ni ba ne, ranka ya daɗe!" Tela ya buga takardar tara a kan teburin jami'in hanya. "Ranar ina shago, ƙafata a kan keken ɗinki. Wani ne ya tsallake danja da lasisina. A nuna min hotonsa!"

Jami'in ya juyo masa da kwamfuta. Sai ga hoton ƙanen tela a bakin titi, ya washe wushirya.

"Ka gani ko? Autanmu ne, ɗan banza! Dubi fuskata da kyau, mun yi kama?"

"Ko kusa," in ji jami'in. Ya sake dannawa, hoton ranar gwajin tuƙi ya fito. Wushiryar ce dai.

Tela ya ƙura wa hoton ido. Shaf ya manta, a shekarun baya da ɗinki ya yi masa yawa, autan ya tura ya yi gwajin a madadinsa.

"Gaskiyarka, malam, tarar ba taka ba ce," in ji jami'in, yana kallon mukullin motar da ke hannun telan. "Lasisin ma haka. Wa ya tuƙo ka nan?"