Ƙugiyar da Ta Dawo

"Baba, na gano matsalar," in ji Afusat, maƙwabciyar Malam Tsalha a Gangare, wadda ke cikin masu gyaran manhajar rubutun da yake aiki da ita kyauta. "Ƙugiyoyin haruffa manhajar take ɓoyewa. Suna nan a fayil, allo ne ba ya nunawa."

Gobe za a kai littafinsa maɗaba'a. Shekara shida ya yi yana wanke sunan mahaifinsa, Heluma Ɗanladi, shugaban lebura a aikin tilas na haƙar kuza a 1942. Babbar hujjarsa ita ce shaidar wani tsohon lebura, wadda marigayi yayan Malam Tsalha ya buga a kwamfuta kafin su biyun su rasu: "Ɗanladi ya kare mu."

Afusat ta kammala gyaran, ta sake buɗe fayil ɗin. Ƙugiyoyi suka dawo layi bayan layi.

Malam Tsalha ya gyara tabarau, ya karanta sau uku.

"Ɗanladi ya ƙare mu."

Afusat ta dube shi, ta sassauta murya. "Baba, in mayar da manhajar yadda take a da?"