Kakakin Bakin Layi

Tun ranar da aka fara gwajin kiɗan a filin sarki, mutumin nan bai ɗauke ido daga kan Ezra ba.

Makaɗa kusan ɗari aka tara a kan dandamalin katako don bikin ƙare yaƙi, masu kakaki, masu sarewa, masu tambura. Ezra ne na bakin layi, dab da matakala. A ƙasan matakalar igwogi ne jere a kan ciyawa, bakinsu na kallon hanyar sauka. Tsarin kuwa kowa ya haddace shi: kiɗa ya ƙare, a buga igwa, hayaƙi ya lafa, sannan makaɗa su sauko.

Abokan aikinsa sukan tsokane shi da "soja". Su da sun sami gurbi a kiɗan sai su sauke kakaki su zazzage yawu, shi kuwa horon bariki ya bi jikinsa, ba ya sauke nasa sai an kai ƙarshe.

Ezra ya san mutumin, shi ne mai igwar farko. Saje Tobias ne. Shekara shida da suka wuce, a bakin daga, keken doki mai ɗauke da albarushi ya kama da wuta. Tobias ya ƙwala masa kira ya zo su kwance dawakai. Ezra ya ji shi sarai, ya rungume kakakinsa ya ranta a na kare. A bayansa ya ji ƙarar fashewar. Ko matarsa bai taɓa gaya wa ba.

A rana ta biyu abin ya fi ƙarfinsa. Ya je gaban Saje, hula a hannu, kai a sunkuye.

"Saje, ka yafe min don Allah. Tsoro ne ya kwashe min ƙafa."

Tobias bai ce na yafe ba, bai ce ban yafe ba. Sai ya daka murya kamar mai kiran wani a ƙetaren kogi.

"Ranar bikin ka tsaya inda zan gan ka!"

Matar Tobias, Hester, wadda ta kawo wa mijinta burodi da cuku, ta bi Ezra har gindin matakala ta riƙe masa hannun riga.

"Mai kakaki, kar ka kuskura ka sauke abin nan sai an gama. Na gaya maka."

Ranar bikin, birnin Landan ya tashi kaf, karusai suka cushe gada. Hadari ya haɗo tun azahar amma ya ƙi zubowa. Tambura suka buɗe, kakaki suka amsa, filin ya ɗauka. Ezra na busawa gumi na bin bayansa. An ce igwar biki albarushi ne da tsumma kawai, to wa ya leƙa cikin ta Tobias? Kiɗa na ƙarewa igwogi za su tashi gaba ɗaya, kuma a cikin wannan hargowar wa zai lura da makaɗi ɗaya da ya faɗi?

Ya saci kallo. Tobias na hura igiyar wutar kunna igwa da ke kan sandarsa, idonsa ƙyam a kan Ezra.

Aka zo wurin da masu sarewa ke yin nasu a hankali. Saura kaɗan. Ezra ya yanke shawara, ba zai tsaya a kai ƙarshe ba. Ya sauke kakakinsa, ya faɗa matakala da gudu.

Yana taka ciyawa igwar farko ta tashi.

Da ya buɗe ido yana kwance, rigarsa na hayaƙi. Mutane na gudu, bakuna a buɗe, amma duniya ta yi tsit. Ya ga Tobias durƙushe a kansa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ga Hester ta cukuikuye wani hafsa tana magana.

Ezra bai ji abin da take faɗa ba, kunnensa bai kuma sake jin komai ba duk tsawon rayuwarsa. Ga abin da ta ce:

"Ranka ya daɗe, mijina kurma ne! Tun fashewar keken nan ba ya jin ko tsawa, ɓoyewa muke yi. Kakakin abokinsa yake kallo, in ya sauke ya san an gama sai ya buga igwa, ya ce shi kaɗai ya yarda da shi."